Yadda Ake Ci Gaba da Aikin Sa Kai da Tarukan Jama'a Bayan Bikin Burning Man

Duk shekara, daga ƙarshen watan Agusta zuwa Litinin ta farko a watan Satumba, mutane wajen 70,000 suna taruwa a hamadar Black Rock da ke arewa maso yammacin jihar Nevada ta Amurka, su kafa birnin tantuna da rumfuna, su kakkafa manyan ayyukan fasaha na katako da ƙarfe, su ƙona wasu daga ciki, har da babban mutum-mutumin katako da bikin ya samo sunansa daga gare shi, sannan su kwashe komai su tafi. Wannan shi ne bikin Burning Man, wanda Larry Harvey da Jerry James suka fara a shekarar 1986 a bakin teku a San Francisco, kafin ya koma hamada a 1990. Hotunan da duniya ke gani na mako guda ne kawai, makon wuta da ƙura da kwalliya. Aikin da ke sa hukuma ta sake ba da izinin taron a shekara mai zuwa, da wanda ke riƙe zumuncin mahalarta har su sake haɗuwa, yana farawa ne daga ranar da aka soma kwance tantuna.

Bayanin da ke tafe domin wanda ya halarci bikin ne, ko yake shirin halarta, kuma yana son sanin abin da zai yi da kuzarin da zai dawo da shi. Matakan suna bin juna, kuma yana da kyau a bi su yadda suka zo, domin mutumin da ya bar ƙusoshi a gurbin tantinsa, sannan ya zo bayan wata guda yana neman a ba shi jagorancin tsabtace unguwa, ya ɗora rufi ne kafin ya haƙa harsashi.

Mataki na farko: share gurbinka kafin ka ɗaga

A Black Rock City, kamar yadda ake kiran birnin, babu kwandon shara na jama'a, kuma da gangan aka yi hakan. Duk abin da mutum ya shigo da shi, shi zai fita da shi, daga fankon kwalba har ruwan da ya yi wanke-wanke. Rashin barin sawu yana cikin ƙa'idoji goma da Larry Harvey ya rubuta a 2004, amma maganar ta wuce ta ɗabi'a, domin filin na gwamnatin tarayya ne, yana hannun hukumar kula da filaye da ake kira BLM, kuma ita ce ke ba da takardar izinin taron. Bayan an watse, yawanci a watan Oktoba, jami'anta sukan zo su zaɓi wurare da dama a cikin filin, a tsince duk abin da aka gani a auna. Ma'aunin shi ne kada tarkacen ya wuce murabba'in ƙafa 1 a kowace eka, wato idan aka tattara dattin da ke cikin fili mai girman murabba'in mita 4,000 da ɗoriya, kada ya rufe abin da ya fi santimita 30 a tsawo da 30 a faɗi. Mahalarta suna kiran irin wannan tarkace MOOP, taƙaitaccen suna da ke nufin duk abin da yake inda bai kamata ya kasance ba.

Kayan aikin ba su da yawa, amma sai an zo da su tun daga gida: manjagara, shebur, bokiti, rariya, safar hannu, buhuna masu kauri, filaya mai ƙarfi ta cire rodi, da maganaɗisu mai sanda wanda ake ja a ƙasa yana kama ƙarfe. A fara loda kaya gaba ɗaya, a naɗe tamfol da shimfiɗu daga gefe zuwa tsakiya domin abin da ya zuba a kansu ya tafi tare da su, sannan a fitar da motoci daga gurbin. Wanda ya yi shara motarsa tana tsaye a wurin, ya bar ƙasanta ba a duba ba, kuma nan ne iska ta fi tara abubuwa.

Daga nan mutanen zangon su jeru a layi ɗaya, tsakanin kowane mutum da na kusa da shi tsawon hannu, su taka a hankali daga wannan iyaka zuwa waccan, kowa idonsa a ƙasa. Idan an kai ƙarshe, a juya layin a sake ratsa filin ta gicciye, domin abin da ido ya tsallake daga gabas yakan gan shi daga kudu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sassafe ko la'asar sakaliya, sa'ad da rana ta yi ƙasa, ƙananan abubuwa suna yin inuwa a kan farin faƙon. Manyan abubuwa ba su cika zama matsala ba. Abin da ke wahalar da masu shara shi ne ɓaraguzan katako, guntun taba, gashin tsuntsu na ado, ƙyalƙyali, guntayen robar ɗaure waya da fasasshiyar kwalba. Duk inda iska ta tara tudun ƙura a jikin tanti ko tirela, a baje shi da manjagara a rairaye, saboda ƙurar tana binne abu cikin sa'o'i kaɗan.

Turakun tanti da rodi da dogayen ƙusoshi masu murɗi sun cancanci kulawa ta daban, domin su ne ke fasa tayar mota, su ji wa mutum rauni a ƙafa bayan kowa ya manta da su. Dabarar da ta fi kowace sauƙi ita ce a ƙirga su ranar da ake kafawa, a rubuta adadin, a sake ƙirgawa ranar cirewa. Idan an kafa 48 aka cire 46, ba a gama ba. Wanda ya karye a cikin ƙasa a haƙa a ciro shi, a mayar da ƙasar ramin a daddanne. Inda mai ya ɗiga daga janareta ko mota, a kwashe ƙasar da ta jiƙe da shebur a zuba a bokiti a tafi da ita, haka ma toka da ragowar ruwan wanka. Zubar da ruwan datti a kan faƙon laifi ne da ke jawo tara.

Tun kafin bikin ya kamata a sanya sunayen mutanen da za su kasance na ƙarshe wajen tashi, saboda a ranar Litinin kowa ya gaji, kowa yana da hujjar tafiya da wuri. Waɗannan su ne za su yi zagayen ƙarshe, su haɗa da titin da ke gaban zangon da iyakar maƙwabta, su ɗauki hoton filin. Tun daga 2006 ayarin da ke gyara filin bayan taro yana fitar da taswira mai launi uku, kore ga wurin da aka samu tsaf, rawaya ga mai matsakaicin datti, ja ga wanda ya ci musu lokaci, kuma zangon da ya fito da ja yana iya samun matsala wajen neman gurbi a shekara mai zuwa.

Mataki na biyu: hanya da mutanen da ke zaune a bakinta

Hanyar da yawancin mutane ke bi idan sun fita ita ce mai lamba 447, ƙaramar hanya mai hannu biyu da ta tashi daga Gerlach, garin da mazaunansa ba su wuce 200 ba, ta bi ta Empire, ta ratsa ƙasar ƙabilar Paiute ta tafkin Pyramid a garuruwan Nixon da Wadsworth, kafin ta haɗu da babbar hanyar da ke shiga birnin Reno. Dubban motoci suna bi ta nan cikin kwana biyu ko uku, kuma duk buhun sharar da aka ɗaure da sakaci a kan rufin mota, a gefen hanyar waɗannan mutane yake faɗuwa. Saboda haka shara ta shiga cikin mota ko tirela, idan kuwa dole sai a sama, a rufe ta da tamfol a ɗaure da igiyoyi masu ƙarfi, a tsaya a duba ɗaurin a wurin da aka halatta tsayawa. A kiyaye iyakar gudu a cikin garuruwan, kuma wanda barci ke fizga ya kwanta kafin ya kama hanya, domin jiran fita daga ƙofa kaɗai yana iya cin sa'o'i da dama. A 2023 ruwan sama ya mayar da faƙon taɓo, aka rufe hanya na kwanaki, sai ranar Litinin 4 ga Satumba aka buɗe ta, wanda hakan ya isa dalilin ajiye ragowar ruwan sha da abinci har sai an hau kwalta.

Masu shirya bikin suna fitar da jerin wuraren da suka yarda su karɓi shara da kayan sake sarrafawa a kan hanya da cikin Reno da Sparks, wasu kyauta, wasu da kuɗi kaɗan a kan kowane buhu. A nemi jerin na shekarar tun kafin a shiga hamada, saboda yana canzawa. Zuba shara a kwandon shago ko otal ko gidan wani ba tare da izini ba yana daga cikin abubuwan da suka fi ɓata sunan mahalarta a idon mutanen Reno, kuma mazauna garin ba su da hanyar bambanta wanda ya yi da wanda bai yi ba, tunda duk motocin farar ƙura ɗaya ce a jikinsu. Idan an ware gwangwanaye da kwalabe da robobi tun a zango, sauke su ba ya cin minti goma.

Keke ba shara ba ne, ko da ya yi fari fat. A 2017 an bar dubban kekuna a filin, aka bar wa wasu wahalar kwashe su. Wanda ba zai iya tafiya da nasa gida ba ya kai shi ga masu karɓa, irin su Reno Bike Project, bayan ya tambaya ko suna karɓa a lokacin. Abincin gwangwani da ruwan da ba a buɗe ba su ma akwai masu karɓarsu domin mabuƙata.

Mataki na uku: wanke kaya, huta, ka riƙe bakinka daga alkawari

Faƙon Black Rock gindin wani tsohon tafki ne da ake kira Lahontan, kuma ƙurarsa tana da sinadari irin na kanwa, shi ya sa take busar da fata, ta jawo faso, ta sa ƙarfe tsatsa. Ruwa zalla ba ya fitar da ita sosai. A zuba ruwan khal kaɗan a cikin ruwa a goge tanti, takalma, kayan aiki da keke, a shanya su bushe kafin a ajiye, a sa wa sarƙar keke mai, a canza matatar iska ta injin mota da ta janareta. Wanda ya ɗauki motar haya ya wanke ta ciki da waje kafin ya mayar, in ba haka ba kuɗin wanki zai biyo shi.

Jiki ma yana da nasa lissafin. Bayan mako guda na ƙarancin barci da zafin rana da sanyin dare, mutane da yawa sukan ji mutuwar jiki da kewa, aikin ofis ya zama kamar ba shi da ɗanɗano, wasu kuma su dawo da zumuɗin sauya rayuwarsu gaba ɗaya. A ganina, mako biyu na farko lokacin rubuta tunani ne a takarda kawai. Kada a ajiye aiki a cikinsu, kada a yi wa kowa alkawarin gina wani babban abu, kada a karɓi shugabancin komai. Tunanin da ya rage da ƙarfinsa bayan an biya bashin barci shi ne ya cancanci a ɗauka. Idan kuwa damuwar ta ƙi wucewa bayan makonni, ko ta hana mutum ci da aiki, a ga likita.

Mataki na huɗu: zaman bita na zango

Kafin wata guda ya cika, mutanen zango su zauna, ido da ido ko ta intanet. A karanta lissafin kuɗi: nawa aka tara, nawa aka kashe, wa ake bin bashi, wa ya kashe daga aljihunsa ba a mayar masa ba. A rubuta kayan da suka shiga sito da waɗanda suka lalace. Sannan a yi maganar da ba a cika son yi ba, wato su wa suka yi aikin kwancewa, su wa suka sulale tun ranar Lahadi da safe. Zangon da ya bar wannan magana a ciki yakan rasa ma'aikatansa na gaske a shekara ta biyu ko ta uku, ba tare da sun faɗi dalili ba.

Mataki na biyar: taron Decompression, halarta da shiryawa

Daga watan Oktoba zuwa ƙarshen shekara, al'ummomin mahalarta a birane da dama suna shirya taron da suke kira Decompression, kalmar da asalinta ke nufin sassauta matsi a hankali, kamar yadda mai nutso ke yi kafin ya fito saman ruwa. Na San Francisco shi ne tsoho a cikinsu, kuma an saba yin sa a watan Oktoba. Akan fito da ayyukan fasahar da suka dawo daga hamada, a yi kiɗa da wasanni, waɗanda ba su sami zuwa ba su ga ɗan abin da aka yi. Hanyar samun labarin na kusa da kai ita ce ta wakilan yankuna, mutanen da ƙungiyar Burning Man Project, mai shirya bikin, ta amince da su a matsayin masu haɗa jama'a a garuruwansu, kuma su ma 'yan sa kai ne.

Shawarata ga sabon shiga ita ce ya je taron a matsayin ma'aikaci. Ya rubuta wa masu shiryawa makonni kafin ranar, ya faɗi abin da ya iya da sa'o'in da yake da su, ya karɓi aiki guda: tsaron ƙofa, tarbar baƙi, ɗaukar kaya, ko shara. Aikin da kullum ake rasa mutane a kansa shi ne na bayan tashi, daga tsakar dare zuwa wayewar gari, kuma wanda ya tsaya ya yi shi sau ɗaya, masu shiryawa ba sa manta fuskarsa. Sa'a huɗu a bakin ƙofa tana haɗa mutum da jama'a fiye da dare guda a filin rawa.

Idan babu irin wannan taro a garinku kuma kuna son farawa, ku soma da mutum huɗu ko biyar da kowannensu ya ɗauki fanni guda: wuri da izini, kuɗi, fasaha, tsaro, da tsabta. Abu na farko shi ne tuntuɓar wakilin yanki, domin sunayen Burning Man da Decompression da tambarin mutum-mutumin duk mallakar ƙungiyar ne a shari'ance, ba a sa su a tallar taro sai da amincewarta. Taron da ke neman amincewa ana sa ran ya bi ƙa'idojin nan goma, ya sami izinin hukuma da inshora, ya bayyana lissafinsa, kuma ribarsa ta koma ga al'umma da masu fasaha. Ba a karɓar kamfani ya ɗauki nauyi domin ya liƙa tambarinsa. A cikin hamadar ma ƙanƙara ce kusan kaɗai abin da ake sayarwa, tun da aka daina sayar da kofi a tsakiyar birnin a 2022.

Bambancin gari da hamada shi ne maƙwabta. A Black Rock babu mai tashi da asuba ya tafi aiki a bayan katangarku, a cikin gari kuwa akwai shi, kuma ƙorafinsa guda ɗaya ga hukuma yana iya hana ku wurin har abada. Saboda haka a je gida-gida da shago-shago tun da sauran makonni, a faɗi ranar da lokacin da za a kashe kiɗa, a bar lambar wayar mutum guda da zai amsa a daren, a gayyace su su shigo. Takardun izini sun bambanta daga birni zuwa birni, amma yawanci sukan shafi rufe titi, ƙarar lasifika, sayar da abin sha, da wuta, kuma wasu suna cin watanni kafin su fito, don haka su ake fara nema kafin a buga ko takardar gayyata ɗaya.

Wuta tana buƙatar mutumin da ba shi da wani aiki sai ita. Duk wasan wuta ko ƙona wani abu sai da izinin hukumar kashe gobara, da kayan kashe wuta a kusa, da da'irar mutane masu natsuwa da ke tsaye tsakanin wutar da 'yan kallo, fuskokinsu suna kallon jama'a. A 2017 wani mutum ya kutsa ta cikin masu gadi ya shiga wutar babban mutum-mutumin, ya rasu, alhali a can akwai ɗaruruwan masu gadi da ma'aikatan kashe gobara. Ƙaramin taron da ba shi da isassun mutane na wannan aiki gara ya haƙura da ƙonawa, ya yi fitilu. Haka nan a tanadi masu agajin gaggawa, ruwan sha kyauta, hanyar shiga ga masu keken guragu, da mutanen da za a kai wa ƙara idan wani ya takura wa wani.

Washegari a jera layi a share wurin kamar yadda aka yi a hamada, har da titunan da baƙi suka ajiye motoci. Cikin wata guda a fitar da lissafin kuɗi ga kowa ya gani, a gode wa 'yan sa kai da sunayensu.

Mataki na shida: shiga sassan aikin bikin kansa

Aikin gyara filin bayan taro, wanda ake kira Playa Restoration, yana ƙarƙashin sashen ayyuka na birnin, DPW. Ƙaramin ayari ne da ke zama makonni bayan kowa ya tafi, yana taka fili mai girman fiye da eka 3,000 da ƙafa, a cikin shingen tare shara mai tsawon kusan mil 9. Ba a zuwa wannan aiki kai tsaye a ce an zo taimako, domin filin yana rufe ga wanda ba ya cikin jerin ma'aikata, kuma kowane ƙarin mutum yana buƙatar abinci da ruwa da makwanci. Mai sha'awa ya nema tun da wuri, ya kuma san cewa tafiya ce ta yini guda cikin rana da iska, kai a sunkuye.

Ƙofar shiga yawancin sassan ita ce takardar tambayoyi ta 'yan sa kai da ke shafin ƙungiyar, inda mutum ke zaɓar sashen da yake so ya kuma bayyana ƙwarewarsa. Akwai Greeters masu tarbar baƙi, Lamplighters masu kunna fitilun titi kowace yamma, Earth Guardians masu wayar da kai kan muhalli, masu gadin Haikali (ginin katako da mahalarta ke tunawa da mamatansu a ciki), masu ƙidayar jama'a, da masu kula da ƙofa da fitar motoci. Black Rock Rangers, masu sasanta rikici da taimakon wanda ya shiga matsala, suna neman wanda ya taɓa halartar bikin, ya yi horo, sannan ya yi zagaye tare da tsofaffin hannu kafin a karɓe shi. A zaɓi sashe ɗaya ko biyu kawai. Wanda ya yi wa sassa bakwai rajista yana nuna bai san abin da yake so ba, kuma tikiti mai rahusa, inda ake bayar da shi, yakan biyo bayan sa'o'in da mutum ya riga ya yi ne a shekarar da ta gabata.

Ga wanda Nevada ta yi wa nisa, akwai tarukan yankuna masu bin ƙa'idoji iri ɗaya, kuma kowannensu 'yan sa kai ne ke ɗauke da shi: Burning Flipside a Texas tun 1998, AfrikaBurn a yankin Tankwa Karoo na Afirka ta Kudu tun 2007, da Midburn a hamadar Negev ta Isra'ila tun 2014. A ƙaramin taro mutum yakan sami amana da sauri, ya koyi abin da a babban birnin sai ya shekara biyar bai taɓa ba.

Mataki na bakwai: aikin da zai amfani wanda bai taɓa jin sunan bikin ba

A ranar 29 ga Agustan 2005, daidai lokacin da ake buɗe bikin na shekarar, guguwar Katrina ta afka wa gaɓar tekun da ke kudancin ƙasar Amurka. Da aka watse, wasu mahalarta suka nufi Biloxi a jihar Mississippi da manyan injuna da tantuna da janareta, suka taimaka wajen gyara wani wurin ibada na mabiya addinin Buddha 'yan asalin Biyetnam, daga baya suka koma Pearlington suna kwashe ɓaraguzan gidaje na tsawon watanni. Daga nan ƙungiyar Burners Without Borders ta samo asali, kuma bayan girgizar ƙasa ta 2007 a garin Pisco ta yi aiki a Peru. Abin da ya sa suka yi amfani shi ne sun saba kafa wurin kwana da girki da lantarki a inda babu komai, don haka ba su zama nauyi a kan waɗanda suka zo taimaka wa ba.

Mai son fara irin wannan a garinsu ya soma da lissafin abin da zangonsa ke da shi wanda ke kwance a sito wata goma sha ɗaya: rumfuna, tukwane, faifan sola, kayan walda, mutanen da suka iya kafinta. Sannan ya je wurin wata ƙungiya da ta daɗe tana aiki a garin, mai ciyar da mabuƙata ko mai kula da marasa matsuguni ko mai gyaran lambun unguwa, ya tambaye su abin da suke buƙata, ya saurara. Sau da yawa amsar ba ta da armashi, kamar a ce ana neman mutum uku da mota kowace Asabar ta farko a wata. A karɓa a haka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zo da shiri a kammale, da ado da kiɗa, ga mutanen da ba a tambaya ba, a yi yini guda a ɗauki hotuna a ɓace. A yanke wa'adi, misali wata shida, a sa mutum biyu a kan kowane aiki domin idan ɗaya ya gaza ɗaya ya riƙe, kuma kada a ɗauki hoton wanda ake taimaka wa sai da yardarsa.

Hamadar kanta tana da masu kula da ita duk shekara. Tun 2000 yankin yake cikin filayen da majalisar dokokin Amurka ta keɓe domin kariya, kuma ƙungiyar Friends of Black Rock-High Rock tana shirya ayyukan sa kai tare da BLM, ciki har da na ranar filayen jama'a ta ƙasa, wadda ake yi a Asabar ta huɗu ta watan Satumba.

Mataki na takwas: ajiye rubutu domin zagaye na gaba

Shekarar bikin ba ta da dogon hutu. Neman tallafin ayyukan fasaha yana farawa wajen ƙarshen shekara, neman gurbin zango da sayar da tikiti suna zuwa a farkon watannin sabuwa, a watan Maris kuma wasu garuruwa suna yin taron Burnal Equinox, alamar an kai rabin hanya. A buɗe kundi guda wanda fiye da mutum ɗaya ke iya shiga, a zuba lissafin kuɗi, kwafin takardun izini da ranar da aka nemi kowace da ranar da ta fito, sunan jami'in da ya kamata a fara gani, jerin kayan sito da inda makullin yake, da launin da zangon ya samu a taswira. Duk mai riƙe da wani fanni ya rubuta sunan wanda yake koya wa aikin. A shafin kayan gini a rubuta adadin turakun da aka kafa bana da adadin da aka ciro, a bar gurbi a ƙasa domin na baɗi.